Takobin Araha da Yaudarar Kaifi

Akwai wani tsohon bidiyo da ya daɗe yana yawo a intanet. Mai gabatar da shirin tallan kaya ne a wani gidan talabijin na Amurka, riƙe da takobi samfurin Japan, yana ta zuba masa kirari. Don ya nuna wa masu kallo ƙwarinsa, sai ya shiga buga shi a kan tebur. Ƙarfen ya karye nan take, guntun ya yi tsalle ya soke shi, ana kallo kai tsaye. Jama'a sun mai da abin na raha, alhali abin da ya karye a hannunsa shi ne irin hajar da har yau ake tallata wa masu koyo da alkawarin cewa ta isa fagen fama.

Masu koyon nan ba 'yan daba ba ne. A Turai da Amurka, musamman daga shekarun 1990, an samu ƙungiyoyin da suka duƙufa wajen farfaɗo da fasahar faɗa da takobi daga tsofaffin littattafai: kundin nan mai lamba I.33 na wajen shekarar 1300, wanda ke ajiye a gidan tarihin makamai na Leeds a Ingila, da koyarwar Johannes Liechtenauer ta ƙarni na 14, da littafin Fiore dei Liberi na farkon ƙarni na 15. A ɓangaren Japan kuma akwai tameshigiri, wato gwajin sara, wanda a zamanin Edo akan yi a kan gawarwakin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, yau kuwa a kan tabarmar tatami da aka naɗe aka jiƙa. Atisayen yau da kullum da takobin katako ko ƙarfe marar kaifi ake yin sa. Amma akwai ranar da ɗalibi zai buƙaci mai kaifi, domin tabarma ce kaɗai ke gaya masa gaskiyar saransa. Idan bakin takobi ya ɗan karkace daga layin da hannu ya ɗauko, tabarmar za ta tuntsure ba ta yanku ba, wani lokaci ma ƙarfen ya lanƙwashe. Japanawa suna kiran wannan daidaito hasuji.

A daidai wannan gaɓa 'yan kasuwa ke tare ɗalibi, kuma babban laifinsu shi ne sun koya masa tambayar banza: "Yana da kaifi?" Shi ya sa tallansu ba ya wuce hoton takobi yana yanka takarda. Murfin gwangwani ma yana yanka takarda. Kaifi shi ne abu mafi sauƙin samarwa a jikin takobi, kuma shi kaɗai ne mai saye zai iya gyarawa da kansa a gida. Abubuwan da ba su gyaruwa, su ne ake ɓoye masa.

Na farko irin ƙarfen. Galibin takubban da ake sayarwa ƙasa da dala 50 da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin su, wanda ke ɗauke da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin ɗari. Yana da kyau ga wuƙar girki, amma idan aka miƙe shi ya kai kusan mita guda, kuma aka taurara shi yadda masana'antun araha ke yi, gautsi gare shi: ba ya lanƙwasawa ya dawo, karyewa yake yi. Takobin sara da ƙarfe mai kabon ake ƙera shi, kuma lambobin da ake rubutawa suna da ma'ana. A 1045 da 1060 da 1095, lambobi biyun ƙarshe suna nuna yawan kabon: kashi 0.45, da 0.60, da 0.95 cikin ɗari. Akwai kuma 5160, ƙarfen sifirin mota, da 9260, waɗanda suka fi yafe wa mai koyo kuskure saboda suna lanƙwasawa su miƙe. Sai dai lamba ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Ƙarfen 1060 da aka gasa, aka tsoma a mai, aka sake ɗumama shi yadda ya dace, ya fi 1095 da aka yi wa aikin ganin ido. Wannan horon wuta shi ne ran takobi, kuma ba a ganin sa a hoto.

Na biyu ya fi haɗari, kuma yana cikin mariƙi inda ido ba ya kaiwa. Ruwan takobi na ƙwarai yana zarcewa da faɗinsa zuwa cikin mariƙi, gaba ɗaya ƙarfe guda, har ya ɓullo ta ƙarshe a daddake shi, ko kuma, a na Japan, a soke shi da ƙusar gora da ake kira mekugi. A takobin ado kuwa, wata siririyar sanda ce kamar fensir ake liƙawa da walda a gindin ruwan, a ɗaure ta da noti. Turawa suna ce mata wutsiyar ɓera. Duk ƙarfin sara a kan wannan walda yake sauka. Ranar da ta gaji, mariƙi ne zai rage a hannu, ƙarfe mai tsawon kusan mita kuma ya tashi sama ya nufi duk wanda ke tsaye a gefe. Kyan ɗan maciji ke nan. Ɗan kasuwan da ya san abin da ke cikin mariƙin, ya kuma wasa bakin takobin ya aika wa yaro, ba shi da uzurin da zai kawo.

Hatta adon ma na jabu ne. Layin nan mai kama da igiyar ruwa a bakin takobin Japan, hamon, asalinsa alama ce ta yumɓun da aka shafa wa ƙarfe kafin a tsoma shi, don baki ya taurara, baya ya kasance da taushi. A na araha da burushin waya ko ruwan asid ake zana shi. Dabarar ba sabuwa ba ce: ruwan takubba da yawa na Abzinawa da Hausawa daga Solingen ta Jamus aka kawo su, maƙeran gida kuma sun riƙa kwaikwayon tambarin Turai, irin jinjirin wata biyu, a kan nasu. Amma wancan maƙerin yana ƙera wa mutumin da zai dawo ya same shi a maƙera.

To, ina batun washi? Nan ma an ɓatar da mutane. Takobi ba aska ba ne. Bakin aska siriri ne, sara ɗaya a kan gora zai kakkarya shi. Bakin takobi yana son ɗan tudu a bayansa, ya gangaro a hankali kamar ƙwayar tuffa, don ƙarfe ya tallafi kaifi. Ana samun haka da magagari, da dutsen washi, da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙare da fata, kuma aikin yini ne ko fiye. Mai gaggawa da ya kai takobinsa gaban injin washi yana iya kashe shi cikin daƙiƙa kaɗan. Da zarar bakin ya sauya launi zuwa shuɗi, zafinsa ya doshi digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, horon wutar ya tafi, wurin kuma ba zai sake riƙe kaifi ba. A Japan washi sana'a ce mai zaman kanta, togishi yakan shafe kusan shekara 10 yana koyo. Ba wanda ya ce mai takobin dala 300 ya yi haka, amma ya kamata hakan ya sanyaya gwiwar mai shirin gamawa kafin shayi ya huce.

Akwai wasu masu laifin da ba a cika ambata ba, su ne ƙwararrun da ke ɗaga hanci. Da mai koyo ya tambaye su, sai su ce araha ba ta ado, ya tara kuɗi ya sayi na Albion da ake ƙerawa a jihar Wisconsin, waɗanda kan kai dala 1,000 ko su wuce. Shawarar tana da kama da hikima, amma sakamakonta shi ne ɗalibin da ba shi da wannan kuɗi ya koma wajen mai wutsiyar ɓera. Alhali tsakanin biyun akwai kasuwa mai faɗi. Maƙerun Longquan da ke lardin Zhejiang na Sin, da kamfanoni irin su Windlass na Dehradun a Indiya, suna fitar da takubban ƙarfe mai kabon a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Ba su kai na ƙwararru daidaiton nauyi ba, wasu ma da dakusasshen baki suke zuwa, kuma ko a Longquan ɗin akwai na kirki akwai tarkace. Duk da haka mai koyo zai ɓata takobinsa na farko ko ta yaya, gara ya ɓata wanda zai lanƙwashe a miƙe shi.

Hukumomi ma sun gane inda matsalar take. A watan Afrilun 2008 aka haramta sayar da lanƙwasasshen takobi mai tsawon santimita 50 ko fiye a Ingila da Wales, bayan hare-haren da aka kai da takubban samurai na jabu. Dokar, bayan an yi mata kwaskwarima, ta keɓe waɗanda aka ƙera kafin 1954 da waɗanda aka ƙera da hannu bisa tsarin gargajiya, ta kuma ba masu wasannin motsa jiki kariya. A Japan kuwa ba a rajistar takobin da inji ya ƙera, maƙeri mai lasisi kuma dogayen takubba biyu kawai aka yarje masa a wata.

Mai saye da ke da waya a hannu yana iya neman abu uku kafin ya biya: lambar ƙarfen, da taurinsa a ma'aunin Rockwell, wanda a takobin Turai yakan kasance tsakanin 50 da 55, da hoton takobin an cire masa mariƙi. Masana'antar da ta yi aikinta tana da wannan hoto a ajiye. Wadda ba ta yi ba, bidiyon yanka takarda za ta sake turowa.