Mu San Duniya: Tulluwar birnin Rum

 A watan nan za mu tafi ƙasar Italiya, mu duba wani tsohon gini na birnin Rum da maginan Turai suka yi ta koyi da shi.

Sai mu fara da Girkawa, maƙwabtan Italiya ta gabas. Su gininsu na ginshiƙai ne. Su kafa ginshiƙan dutse, su gicciya dogon dutse a bisa, kamar yadda muke gicciya azara. Amma dutse in ya cika tsawo sai ya karye a tsaka. Shi ya sa ginshiƙansu suke kusa da juna.

Rumawa suka ɗauki ginshiƙin Girkawa saboda kyansa, suka haɗa shi da baka da tulluwa. Wanda ya taɓa shiga soro mai bakan gizo ya san abin da nake nufi: ɗaki ya yi faɗi, ba ginshiƙi a tsaka. Wajen shekara ta 125, zamanin sarki Hadiriyan, suka gama wani ɗakin bauta mai suna Panteyon. A ƙofarsa akwai ginshiƙai 16 irin na Girkawa, kowane dutse guda ne, tsawonsa kusan metir 12. Daga Masar aka ɗauko su cikin jiragen ruwa. Bayansu sai tulluwa mai faɗin metir 43. Ku auna taki 43 manya a gona, ku tsaya ku waiwaya!

Yaya aka yi ba ta rufta ba? Rumawa suna da simintinsu, na farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta. A gindin tulluwar suka kwaɓa shi da duwatsu masu nauyi, kaurinsa wajen metir 6. Suna hawa suna rage kauri, suna sa duwatsu marasa nauyi. A ƙoli suka bar kafa buɗe, ta nan haske ke shiga. Ruwan sama ma ta nan yake shiga, ya bi ƴan ramukan da aka yi a daɓe ya fita.

Da mulkin Rum ya faɗi, sanin wannan kwaɓi ya ɓata. An kwashe duwatsun gine-gine da yawa an yi wasu ayyuka da su. Panteyon ya tsira don an mai da shi majami'ar Kirista a 609.

A 1296 mutanen Fuloransi, wani birnin Italiya, suka soma babbar majami'a. Bango ya tashi, aka bar wurin tulluwa mai faɗin wajen metir 45, alhali ba wanda ya san yadda za a rufe shi. Ni dai ina ganin wannan ganganci ne, ko da yake ya zo da sa'a. Itacen da zai tokare rufi irin wannan ma ba shi samuwa.

Wani maƙerin zinariya na garin, Burunelesiki, ya je Rum yana tona kangaye yana awo, har mutane suka zaci dukiyar da aka bisne yake nema. A 1420 aka ba shi aikin. Bai san kwaɓin Rumawa ba, sai ya yi da gasasshen tubali, fiye da miliyan 4. Ya yi tulluwa biyu, ɗaya cikin ɗaya, don rage nauyi. Ya jera tubalin yadda kowane sahu zai riƙe kansa, ba tare da tokari daga ƙasa ba. Aka gama a 1436.

Daga nan sai abin ya bazu. An buga littafin gini na wani Barume, Bituruwiyus, wajen 1486, magina suka samu ƙa'idodin awon ginshiƙi a rubuce. Tulluwar majami'ar Bitrus ta Rum ta kammala a 1590. Faransawa suka gama nasu Panteyon a Paris a 1790, ginshiƙai a gaba, tulluwa a baya. Majalisar dokokin Amurka ma haka take, amma tulluwarta ta ƙarfe ce.

Ta Hadiriyan kuwa tana nan tsaye, shekara wajen 1900 ke nan. Har yau ba a sake yin tulluwar siminti marar ƙarfe a ciki da ta kai ta faɗi ba.