RA'AYINMU: Cinikin Gida Ba Cinikin Goro Ba Ne

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san cewa, baya ga aure da rabon gado, da wuya a sami abin da ke tara jama'a gaban shari'a kamar rigimar gida da fili. Mutum zai shekara ashirin yana tarin kuɗi, ya sayar da gona, matarsa ta sayar da 'yan kunnenta, sa'an nan ya miƙa dukiyar nan duka a kan 'yar takarda guda wadda dillali ya rubuta a tsaye. Mu a ganinmu asalin ɓarnar shi ne cinikin gida a garuruwanmu ya faɗa tsakanin dokoki biyu, ta Allah da ta hukuma, kuma mafi yawanmu ba mu cika sharuɗɗan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma a cikinta aka yi umurni da kafa shaida idan an yi ciniki. Jamhurin malamai sun ɗauki umurnin a matsayin mustahabbi, amma babu mai hankalin da zai fake da wannan ya bar rubutu a cinikin da ya lashe gumin rayuwarsa. Littattafan Malikiyya da muka tashi da su a zaurukanmu, irin su Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkam, sun shimfiɗa cewa dole abin sayarwa ya zama sananne, kuɗinsa sananne, mai sayarwa ya mallake shi kuma yana da ikon miƙa shi. Gidan da ba a san inda iyakarsa ta tsaya ba, ko wanda ake shari'a a kansa aka ɓoye wa mai saye, ya shiga babin garari da algus. Haka nan ɓoye aibi, kamar katangar da ta tsage aka shafe ta da fenti, ko gidan da ruwa ke ci duk damina aka kai mai saye da rani. Shari'a ta ba wanda aka yi wa haka damar mayarwa ko neman ragi, gwargwadon girman aibin.

Inda muka fi jin tsoro shi ne gidan gado. Uba zai rasu, ba a raba ba, sai babban wa ya ɗauki takardu ya sayar, wai shi ne magajin gida. Lalle wannan mutum bai mallaki komai ba face rabonsa. Tumunin matar mamaci yana cikin gidan nan, rabon 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu yana ciki, rabon marayun da ba su balaga ba yana ciki. Sayar da abin wani ba da izninsa ba, a mazhabar Imam Malik, rataye yake a kan yardar mai abu. Idan ya ƙi, ciniki ya warware a kan rabonsa. Rabon maraya kuwa sai wasiyyinsa ko alƙali ne zai sayar, shi ma da dalili na maslahar yaron. Sa'an nan ga hakkin shuf'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar wa bare rabonsa, sauran suna da ikon biyan kuɗin su karɓe, kuma wanda yake nan ya kuma san da cinikin yana da kimanin shekara guda kafin hakkinsa ya faɗi. A Malikiyya maƙwabci ba shi da wannan hakki, ko da yake yi masa tayi kyakkyawan maƙwabtaka ne. Saboda haka wanda zai sayi gidan gado ya nemi takardar rabon gado daga kotu, ya ga magada ido da ido, mata ma a ji ta bakinsu. Sa hannun mai unguwa ba ya halatta cin dukiyar maraya, wal'iyazu billahi.

Dokar hukuma kuma tana da nata hukuncin, wanda da yawa ba su sani ba sai ranar da ya faɗo musu. Tun ranar 29 ga Maris, 1978, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma an cusa ta cikin tsarin mulkin 1979 da na 1999, ta yadda ba ta gyaruwa sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. A Arewa abin ba baƙo ba ne, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta bi wannan tafarki. Ma'anarsa, abin da ke hannunka a birni hakkin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma takardar da ake kira "C of O" shaidar wannan hakki ce. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka ɓatacce ne. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wannan sharaɗi ya hau har kan wanda ya mallaki filinsa tun kafin 1978, banki kuma ya rasa jinginarsa. Idan banki mai lauyoyi ya faɗa wannan rami, ina ga ɗan tireda?

Tsarin da ya kamata a bi ba ɓoyayye ba ne. Kafin kwabo ya fita, a je ma'aikatar ƙasa a binciki fayil, a Kano ta KANGIS, a Kaduna ta KADGIS, a Abuja ta AGIS, don a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar, ko gwamnati ta soke. A kawo ma'auni mai lasisi ya gwada iyakokin da ke cikin zane da waɗanda ke ƙasa. Sai lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a sa hannu gaban shaidu adilai, a nemi amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi rajista. Muddin ba a yi rajistar nan ba, sunan mai sayarwa ne a littafin hukuma, kuma idan marar tsoron Allah ne zai iya sake sayarwa ko ya kai banki. Takardar wakilci da wasu ke karɓa don gudun wahala ba ta mayar da mai saye mamallaki. Filin awon igiya kuwa, wanda hukumar tsara birni ba ta san da shi ba, mai sayensa ya sani cewa wata rana titi ko magudanar ruwa na iya bi ta tsakar gidansa. Ya kuma kamata 'yan'uwa su san cewa idan rigima ta tashi a kan filin da gwamna ya ba da hakkin zamansa, sashe na 39 ya ce Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumi, a can kuwa takarda ake fara tambaya.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare wadda ba za mu yi shiru a kanta ba. An sayi gida a kan wani farashi, sai a rubuta rabinsa a takardar da za a kai ma'aikata don haraji ya ragu. Wannan ƙarya ce a rubuce, kuma shaidun da suka sa hannu sun yi shaidar zur, komai tsawon gemunsu. Ranar da ciniki ya warware, abin da ke rubuce shi mai saye zai iya nema cikin sauƙi. Haka dillalin da ke ƙara nasa a ɓoye bayan la'adar da aka yi da shi, ko ya kawo abokinsa ya yi tayin ƙarya don kuɗi ya hau. Wannan shi ne najashi, haramun ne. Game da kafin alƙalami, Imam Malik da jamhuri sun hana mai sayarwa ya cinye shi idan mai saye ya fasa, Imam Ahmad ya halatta. Tun da akwai saɓani, a rubuta tun farko abin da aka yi a kai da wa'adin cika kuɗi. Bashin gida mai ruwa kuwa riba ne, kuma tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 hanyoyin murabaha da ijara sun samu, sai dai shi ma a karanta sharuɗɗansa da idon basira.

Ba za mu ɗora wa talaka laifin duka ba. Neman amincewar gwamna yakan ci watanni, wani lokaci shekaru, ga kuɗaɗe kala-kala, ga masu riƙe fayil sai an ba su na goro. Dokar da ta ce gwamna amintacce ne a kan ƙasa ta ɗora masa nauyin sauƙaƙa wa masu hakki. Muna kira ga gwamnoninmu da su ƙayyade wa'adin ba da amincewa, su manna jadawalin kuɗaɗe a ƙofar ma'aikata inda kowa zai karanta, da Hausa, su kuma rangwanta wa magada kuɗin sauya suna bayan rabon gado. Rassanmu kuma, kowanne ya nemi malami masanin babin ciniki da lauya mai amana daga cikin 'yan'uwa, su riƙa zama rana guda a wata bayan sallar La'asar, duk mai shirin saye ko sayarwa ya kawo takardunsa a duba masa kafin ya biya.