A Bar Wa Mai Karatu Bayaninsa



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu daga cikinmu: wai wasan kwaikwayo don dandamali aka yi shi, saboda haka duk zuben da marubuci ya sa a littafin wasa, gabatarwa ce ko bayanin fitowa ko siffanta ɗan wasa, ciko ne kawai na ƙara yawan shafi. Har wasu na cewa mai yin haka ya rasa tudun dafawa ne tsakanin ƙagaggen labari da wasa. Ni ban yarda ba, kuma ina ganin masu wannan ra'ayi sun manta da waɗanda ke karanta littattafanmu.

Mu duba abin da ke faruwa idan wasa ya bar baki ya koma takarda. A dandamali, in maigida ya ce wa matarsa "To, na ji," mai kallo yana ganin fuskarsa, yana jin muryarsa, nan take zai gane ko yarda ce, ko gatse, ko barazana. A takarda kuwa kalmomi uku ne a kwance, ba harara ba murmushi. Abin da ido da kunne suka rasa, alƙalami ne zai biya shi. Wannan shi ne aikin zuben.

Magabatanmu sun san da haka. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo jama'a suka fara jin su kafin su zama littattafai. Muryoyin da suka yi su sun wuce, takardar ce ta rage a hannunmu. Haka Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya fito a 1979: an daɗe ana karanta shi a aji kafin a mayar da shi fim, kuma ɗaliban da suka san shi ta littafi ba su ƙirguwa. A ƙasashen waje ma haka abin yake. Bernard Shaw ya yi suna wajen doguwar gabatarwa, har akwai wasansa da gabatarwar ta fi wasan tsawo, kuma ba wanda ya kore shi daga sahun marubuta wasa.

Yanzu mu dawo gida. Mai cewa "a je a kalla a dandamali," wane dandamali yake nufi a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa? Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, wane shugaban makaranta ne zai tara yara da dare don wasa hankalinsa kwance? A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, waɗannan uku na ciki. A lokacin ko wasan da ke intanet ya gagari yaranmu. Tashen azumi da kalankuwar bayan kaka, inda yaro ke fara koyon kwaikwayo, su ma sai da kwanciyar hankali ake yin su. Amma jarrabawar WAEC da NECO ba ta jiran zaman lafiya, kuma mai ɗaukar darasin Hausa sai ya amsa tambaya a kan wasan kwaikwayo. Yarinyar da ke Sabuwa, littafin nan shi ne dandamalinta, shi ne darakta, shi ne 'yan wasa. Ka cire mata bayanin, ka bar ta da sunaye da maganganu tsirara, sannan ka ce ta fito da jigo da halayen taurari? Ai an daki mutum ne an hana shi kuka.

Wani zai ce yawan bayani yana ɗaure hannun darakta. Darakta yana da 'yancin tsallake abin da bai so, ba wanda zai kai shi kotu. Mai karatu kuwa ba shi da hanyar dawo da abin da ba a rubuta ba. In za a yi rowa, kada a yi wa marar gata.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: akwai zuben da ya cancanci suka. Marubucin da zai cika shafi biyu da wa'azi yana faɗa mana darasin wasansa tun kafin a buɗe labule, ya raina mai karatu. Wanda zai rubuta abin da ke cikin zuciyar tauraro, abin da ba ɗan wasan da zai iya nunawa, shi kam labari yake rubutawa, ya je ya ƙarasa shi a can. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk jimlar da ka ƙara, tambayi kanka, ido zai iya ganinta ko kunne ya ji ta? Ina ake, wane lokaci ne, wa ya shigo, me ke hannunsa, da wace murya ya yi magana. In ta amsa ɗaya daga waɗannan, ka bar ta. In ba haka ba, ka soke.

Saboda haka kirana ga masu shirin buga wasa a cikinmu: kafin ku kai wa maɗaba'a, ku miƙa rubutun ga ɗalibin da bai taɓa shiga zauren wasa ba, ya karanta shi kaɗai. Duk inda ya tsaya ya tambaya "wa ke magana da wa?" ko "fushi take yi ko wasa?", nan ne kuka ci bashinsa. Ku biya kafin a buga.

Wanda ke da ja, fili a buɗe yake, amma ya zo da hujja. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu, har yaranmu su ga wasa da idonsu.