Masu Tserewa Ta Ƙofar Baya a Gwajin Bell

Jama'a, akwai wata dabara da wasu masanan fiziks suke tallatawa, kuma sunanta na gaskiya gudun hujja.

A 1964 John Bell ya ɗauki gardamar da Einstein da abokansa biyu suka tayar a 1935, ya mai da ita lissafin da za a iya gwadawa. Lissafin ya jingina da sharuɗɗa. Na farko, abin da aka yi wa ƙwayar haske a nan ba zai taɓa takwararta ta nesa nan take ba. Na biyu, yadda mai gwaji ya saita na'urarsa ba shi da alaƙa da ɓoyayyen halin ƙwayar. In sharuɗɗan sun tabbata, dacewar sakamakon ɓangarorin biyu tana da iyaka. Alain Aspect ya gwada a Faransa a 1982, sakamakon ya haure iyakar. Aka sake a Holan a 2015, tsakanin na'urori biyu masu tazarar kilomita 1.3, ya sake haurewa. Ke nan dole a saki wani sharaɗi.

Sai wasu, ciki har da Gerard 't Hooft mai lambar Nobel, suka zaɓi sakin na biyu. Wai tun farkon duniya aka ƙulla saitin na'ura da halin ƙwayar. Kada a kai zancen fagen ƙaddara. Sharaɗin bai damu da 'yancin ɗan Adam ba, rashin haɗin baki kawai yake nema.

An kuwa bi su har gida. A 2016 mutane kusan 100,000 suka zaɓi saitin ta intanet. A 2018 ayarin Anton Zeilinger ya bar zaɓin ga hasken da ya taso shekaru biliyan 7.8 da suka wuce. Iyakar ta ci gaba da karyewa. Amsarsu? Wai wannan ma an ƙulla.

To, bayanin da babu gwajin da zai iya kayar da shi, ina amfaninsa? Da wannan hujja mai sayar da sigari zai ce ƙuri'ar da ta raba ɓerayen gwaji ce ta tura masu ciwon daji ɓangaren hayaƙi. Gwajin magani da na rigakafi duk sun rushe ke nan.

Wanda ya ce akwai haɗin baki, ya kawo lissafin da zai yi hasashen wani sabon abu a auna. Kafin nan, zance ne kawai.