Tagwayen Jar Akuya: Ranar Yaye Ake Ƙirga Riba

'Yan'uwa manoma, maza da mata, a cikin dabbobin da muke kiwo a ƙasar Wamakko babu wadda ta kai akuya yawan haihuwar tagwaye. Saniya tana da hantsa mai nono huɗu, amma maraƙi ɗaya takan haifa, bayan ciki na wata tara. Raƙuma da goɗiya da jaka su ma ɗaya ɗaya ne. Tunkiya takan yi tagwaye wani lokaci, amma uda da aka saba gani a nan ta fi haihuwar ɗaya. Jar akuyarmu kuwa, in ta wuce haihuwar fari, biyu ba abin mamaki ba ne gare ta, har uku takan yi. Cikinta wata biyar ne, watau wajen kwana 150, kuma in ta sami kulawa tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu.

Wannan akuya ba ƙaramin gado ba ce. Fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita zuwa arewacin Afirka, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, suna yin bangon littattafai masu tsada da ita, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. A Nijar ana ce mata akuyar Maraɗi, har gwamnati ta kafa mata wurin kiwo na musamman a garin Maraɗi don kada irin ya ɓace. A Shika kusa da Zariya masana sun daɗe suna bincike a kanta. Mu da take kwana a bayan ɗakunanmu, mu ne muka fi raina ta.

Ga abin da muke so mu faɗa. Mun saba yin murna ranar da akuya ta haifi biyu, sai ka ji ana cewa an yi sa'a. Amma in muka koma gidan bayan wata uku, sau da yawa ɗaya muke tararwa, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Tagwayen da ba su kai yaye ba hasara ce riɓi biyu, gama uwar ta rame a banza, mai ita kuma bai sami kome ba. Saboda haka a ganinmu ranar yaye ya kamata mu yi ƙirga, ba ranar haihuwa ba.

Me ke kashe su? Na fari yunwa ce, kuma tun suna ciki take kama su. Da kaka awaki sukan ƙoshi, jikinsu ya yi kyau, a lokacin ne akuya ta fi sakin ƙwai biyu in bunsuru ya hau ta. To, ku ƙirga wata biyar daga Nuwamba, sai ku faɗa cikin Afrilu, tsakiyar bazara, sa'ad da babu ciyawa sai ƙura da leda a bola. Yawancin girman ɗa a ciki kuwa a makonni shida na ƙarshe yake yinsa. 'Ya'ya biyu sun matse tumbin uwar, ba ta iya cin abinci da yawa, ga shi abin da take samu kara ne busasshe. Daga nan sai ɓari, ko a haifi 'ya'ya ƙanana marasa ƙarfi, nono kuma bai isa ba.

Harawar da za ta cece su fa, ina take? Mun sayar da ita tun Disamba, ko kuwa mun tara wa ragon da muke turkawa. Wani zai ce harawa kuɗi ce a hannu, rago kuma shi ke kawo kuɗi mai kauri. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma rago sau ɗaya ake sayar da shi, akuya kuwa kowace shekara tana biya. Ba mu ce a hana rago ba. Cewa muka yi a ware 'yan dammunan harawar wake da ta gyaɗa, da kowa, da dusa, da 'ya'yan gawo, a ce wannan na masu ciki ne, kada a taɓa. A ba su kanwa ko gishiri kaɗan, da ruwa mai tsabta safe da yamma.

Na biyu, sakaci ne a ranar haihuwa. Dakashi, watau nonon farko mai kauri, shi ne maganin ɗan akuya, kuma a sa'o'in farko yake amfani. A cikin tagwaye kullum akwai mai ƙarfi da rarrauna. In ba a tsaya an kama wa rarraunan nono ba, ɗan'uwansa zai shanye. In uku ne, ku tuna nonon akuya biyu ne kawai, sai a riƙa yi musu karɓa-karɓa. A shafa aidin a cibiya, a ajiye su wuri busasshe da inuwa, a tsare uwar a gida kwana kaɗan. Matan gida, waɗanda yawancin awakin nan nasu ne, kada kuma a tatse uwar tagwaye don fura kafin 'ya'yan su ƙoshi.

Na uku, annobar awaki da tumaki wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, mai kawo zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo. Ba ta da magani, amma tana da allurar rigakafi, ana yin ta a Vom. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, in an haɗa ta kuma ba ta jimawa. Mutum mai akuya huɗu ba zai kira malamin dabbobi don kansa kaɗai ba, amma ƙungiya tana iya tara awakin unguwa duka a rana ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma wata ɓarna da muke yi wa kanmu. In bukata ta taso, babban bunsuru da akuya mai kyau su muke fara kaiwa kasuwar Kara a Sakkwato, don su ne masu tsada. Abin da ya rage a gari sai ƙananan bunsuraye masu yawo, suna hawan uwayensu da 'yan'uwansu, har da 'yan burguma da ba su isa ɗaukar ciki ba. Da haka jiki ke ƙanƙancewa, jan launi kuma ya gauraye. Gado ba shi kaɗai ke kawo tagwaye ba, ciyarwa ta fi shi ƙarfi, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwar da ta saba yaye biyu lafiya, 'yarta da ɗanta su ne abin riƙewa.

To, ga shawararmu ga kowace ƙungiya, daga Dundaye har Gumbi da Kalambaina. A sayi littafi ɗaya. Magatakarda ya rubuta kowace akuya da ta haihu, da ranar, da 'ya'ya nawa, sa'an nan ya koma bayan wata uku ya rubuta nawa suka rayu. A zaɓi jan bunsuru lafiyayye, ɗan uwa mai yaye tagwaye, ya zama na ƙungiya, a musanya shi da na wani ƙauye kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. Sauran mazan a mai da su taure. Wanda bukata ta matsa wa, ƙungiya ta ranta masa, ko wani ɗan ƙungiya ya sayi akuyar, kada mai ciki ta tafi mahauta.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kuɗin gwamnati. A taronku na gaba, kowa ya zo da amsar tambaya ɗaya: cikin 'ya'yan da awakina suka haifa bara, nawa ne suke raye yau? Daga wannan amsa za mu fara.