Sannu Da Aiki A Bakin Baturke

Mutanenmu na Kano da ke zuwa sarin kaya unguwar Laleli a Istanbul sukan haddace lissafi da ciniki cikin Turkanci, amma ni a ganina kalmomin tausayi ya kamata a fara koya.

Baturke in ya ga mutum yana aiki, ko bai san shi ba, sai ya ce "kolay gelsin", wato Allah ya kawo sauƙi. Mara lafiya a ce masa "geçmiş olsun", abin ya zama ya wuce. A gaisuwar mutuwa kuwa "başın sağ olsun", kai da ka rage Allah ya bar ka lafiya. Wanda baƙin ciki ya cinye yakan ce "ciğerim yandı", hantata ta ƙone. Da girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya, da waɗannan kalmomi suka riƙa jajanta wa juna.

Mu ma ai muna da namu: sannu da aiki, Allah ya sawwaƙe, ya haƙuri. Tambayar ita ce, wa muke faɗa wa? Leburan da ke jiƙa fata a majemun Challawa, da mai tsayuwa gaban inji a Sharada, da wanda masana'antarsa ta rufe a Bompai saboda rashin wutar lantarki, sau nawa maigida ke ce musu sannu?

Sannu ba ta biyan albashi, na sani. Amma maigidan da bakinsa ya saba da ita, da wuya ya danne haƙƙin yaronsa. Allah ya sa mu dace.