Wanda Ba Ya Zubi Ba Ya Kwasar Adashi

 Ya ku 'yan'uwa masu karatu, musamman jama'ar ƙasar Gaya da Ajingi da kewayensu, ku sani a daren 25 ga watan Disamba na shekarar 2025 ta Miladiyya, sojan Amurka suka harba makamai cikin jihar Sakkwato, suka ce 'yan ta'adda suka nufa. Gwamnatin Nijeriya ta ce da saninta aka yi, kuma da yardarta. Ɓaraguzan makaman har sun faɗo a Jabo, ƙasar Tambuwal. Daga nan zance ya yawaita a zaure da kasuwa da bakin masallaci. Wasu suka yi murna, suka ce ga gudunmawa ta zo. Wasu suka tsorata, suka ce an sayar da ƙasa. Da yawa kuwa suka riƙa tambaya, shin mun shiga ƙungiyar yaƙin Turawa ne ba mu sani ba? Amsa ita ce ba mu shiga ba. Amma tambayar tana da nauyi, ya kamata a warware ta filla-filla.

Mafi girman ƙungiyoyin ƙawancen yaƙi a wannan zamani ita ce wadda ake kira NATO. An ƙulla ta ran 4 ga watan Afrilu 1949 a birnin Washinton, da ƙasashe 12, cikinsu har da Amurka da Ingila da Faransa da Kanada. Turkiyya ta shiga a 1952. Ya zuwa 2024 ƙasashenta sun kai 32. Ginshiƙinta shi ne sharaɗi na 5 na yarjejeniyarta, wanda ma'anarsa ita ce in aka kai wa ɗayansu hari, kamar an kai wa dukansu ne. Sau ɗaya tak aka taɓa aiki da wannan sharaɗi, bayan harin da aka kai Amurka ran 11 ga watan Satumba 2001.

To, ban da 'ya'yan ƙungiya, akwai waɗanda ake ce wa abokan hulɗa. A 1994 ƙungiyar ta buɗe ƙofa ga ƙasashen gabashin Turai da waɗanda suka fita daga Tarayyar Sobiyet. A 1995 kuma ta fara shawara da ƙasashen bakin Bahar Rum da maƙwabtansu, watau Masar da Maroko da Tunisiya da Muritaniya da Jodan da Isra'ila, Aljeriya ta bi baya a 2000. A 2004, a taron Istambul, aka shigo da zancen Larabawan gabas, Kuwait da Bahrain da Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Abokin hulɗa ana koyar da hafsoshinsa, ana atisaye da shi, ana ba shi wani sashe na labarin asiri, wani lokaci a sayar masa da makami. Abu guda ne ba a ba shi, shi ne sharaɗi na 5.

Kowa a cikinmu ya san adashi. Mutum yana iya zama aminin uwar adashi, yana iya zama a wurin ranar zubi, a ba shi ruwa da goro, har a aike shi ya karɓo kuɗi daga wani. Amma ranar kwasa, in ba ya zubi, ba mai kiran sunansa. Haka abokin hulɗa yake. Ku dubi Yukren. Tun 1994 take hulɗa da ƙungiyar, ta aika da sojanta sun yi aiki tare da nasu a Kosobo da Afganistan, kuma a taron Bukares na 2008 aka yi mata alkawarin wata rana za ta shiga. Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta abka mata gaba ɗaya a watan Fabrairu 2022. An ba ta makamai da kuɗi masu yawan gaske, wannan ba a musunsa, amma ba rundunar da aka tura ta tsaya a gefenta. Jini nata ne ya zuba. Finlan da Suwidin, waɗanda su ma abokan hulɗa ne tun 1994, da suka ga haka ba su tsaya jinkiri ba, suka nemi shiga sosai, aka karɓi ɗaya a 2023, ɗaya a 2024. Sun gane bambancin mai zubi da mai kallo.

Mu ma'abota karatun allo da littattafan sira ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, an bar wa kabilun Larabawa zaɓi, wanda ya so ya shiga alkawarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya so ya shiga na Ƙuraishawa. Khuza'a suka shiga na Musulmi, Banu Bakr suka shiga na Ƙuraishawa. Da Banu Bakr suka kai wa Khuza'a hari da taimakon wasu Ƙuraishawa, ba a ce da Khuza'a ku yi haƙuri, ku abokan hulɗa ne kawai ba. An tashi dominsu, wannan ne sanadin buɗe Makka a shekara ta 8. Watau a wurinmu alkawarin ƙawance abu ne halal, kuma ma'auninsa shi ne ranar tsanani. Duk ƙawancen da ba a faɗi abin da za a yi a wannan rana ba, to, a san iyakarsa tun kafin a dogara da shi.

Ƙasarmu ta Kano ta taɓa shiga wannan zance tsundum. Sa'ad da ake shirin mulkin kai, a shawarwarin 1958, Ingila ta nemi a ƙulla yarjejeniyar tsaro da ita, har aka yi maganar ba ta hayar fili a Kano domin saukar jiragenta na soja. Daga baya aka cire maganar filin, amma aka bar mata izinin ratsa sararin samanmu da sauka a filayen jiragenmu, ita kuwa ta koyar da sojanmu, ta taimaka da kayan yaƙi. Majalisar Wakilai ta amince a watan Nuwamba 1960, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu. Awolowo da jam'iyyarsa suka ƙi, ɗaliban jami'ar Badun suka yi ɗango har Majalisa a Ikko. Hujjarsu ita ce Ingila 'yar NATO ce, wanda ya ɗaura igiya da ita kuwa ya ɗaura da rigimar manyan ƙasashe ke nan ba tare da an shawarce shi ba. A watan Janairu 1962 aka soke yarjejeniyar. Abin lura shi ne bayan sokewa hafsoshinmu ba su daina zuwa Ingila karatu ba. An sami amfanin, an huta da igiyar. Dattawan wancan zamani kuma ba su manta ba, takardun ciniki da kamfanin Turawa ya ce ya ƙulla da Sakkwato da Gwandu a 1885 ba su hana a ci Kano da yaƙi a watan Fabrairu 1903 ba.

Wanda ke son ganin abin da ido, ya ɗaga kai arewa. A 2011 NATO ta yi wa Libiya ruwan wuta wata bakwai bisa ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1973, wanda Nijeriya ma ta jefa masa ƙuri'ar amincewa, abokan hulɗa irin su Ƙatar da Jodan kuma suka ba da jirage. Gaddafi ya mutu a watan Oktoba, rumbunan makamansa suka zama na kowa, a 2012 arewacin Mali ya faɗi. Masu jirage suka koma gida, mu maƙwabta muka sha hayaƙin. Nijar ta karɓi sojan Faransa, ta bar Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas da kuɗin da ya haura dala miliyan 100. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023, Faransawa suka fita a watan Disamba, Amurkawa suka gama fita a watan Satumba 2024, masu koyarwa na Rasha kuwa sun sauka Yamai tun watan Afrilu na shekarar. Baƙo ya tafi, baƙo ya zo, manomin Tilabéri bai daina kwana da ido ɗaya ba.

Mu nan ba mu tsira daga zafin wancan rikici ba. Da ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar kai soja Nijar a watan Agusta 2023, aka rufe iyaka har watan Maris 2024. Fataken dabbobi masu bin Maigatari da Wudil sun ji a jikinsu, haka iyayen almajiran Damagaram da ke tsangayoyinmu. Sanatocin Arewa suka ƙi yaƙi, Sarkin Musulmi da Janar Abdussalami Abubakar suka tafi Yamai, malamai ma suka tafi, Allah Ya kashe wutar. Amma tabo ya rage. Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla ƙawancen kansu a watan Satumba 2023, suka bar ECOWAS a watan Janairu 2025, a watan Maris kuma Nijar ta ce ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi, wadda ke yaƙar Boko Haram daga helkwatarta a Injamena. Wannan hasara ta fi rashin kowane baƙo na nesa, domin ɗan ta'adda ta iyakar maƙwabci yake shigowa, ba ta teku ba.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a rufe ƙofa ga kowa. Wanda aka sace masa ɗa, ko aka kora masa shanu, ba ya tambayar inda aka ƙera bindigar da ta cece shi, kuma ba mu ga laifinsa ba. A 2025 ɓarayin daji sun fara taɓa Shanono da Tsanyawa a cikin jihar nan tamu. Jirage 12 samfurin Super Tucano da aka sayo daga Amurka, suka iso a 2021, sun yi aiki. Ilmin yaƙi abin nema ne ko a wurin wa yake. Abin da muke cewa shi ne a nema da sharaɗi, kuma sharuɗɗan nan muke roƙon wakilinmu na Gaya da Ajingi da Albasu a Majalisar Wakilai, da Sanatan Kano ta Kudu, su riƙe su da ƙarfi.

Na farko, duk abin da aka ƙulla ya zama a rubuce, a kai shi gaban Majalisa, gama sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya nuna yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisa ta mai da ita doka. Na biyu, a yanka masa wa'adi, a kuma bar ƙofar fita, kamar yadda aka fita a 1962 ba tare da an yi faɗa ba. Na uku, kada a ba kowa fili ya kafa sansanin dindindin. A watan Mayu 2024 wasu masana na Arewa sun rubuta wa Shugaba Tinubu gargaɗi a kan haka, Ministan Labarai ya ce babu wannan niyya. To, a riƙe gwamnati da maganarta. Na huɗu, umarnin harbi ya tsaya a hannun hafsanmu. Na biyar, a faɗi tun farko wa zai biya diyya in aka kashe wanda bai ji ba bai gani ba.

Wannan na biyar shi ne mafi nauyi a wurinmu. A watan Disamba 2023 jirgin sojanmu marar matuƙi ya kashe masu Mauludi da yawa a Tudun Biri, jihar Kaduna. Musiba ce babba, amma rundunar ta amsa kuskurenta, manya suka je ta'aziyya, talaka ya san ƙofar da zai buga. In makamin baƙo ne ya faɗa wa masu Mauludi a wani ƙauyen Ajingi, Allah Ya kiyaye, wace ƙofa za mu buga? Wane alƙali zai kira wanda ya harba daga tsakiyar teku?

Saboda haka, ya ku jama'a, kada murna ta ɗebe mu, kada kuma tsoro ya rufe mana ido. Idan mai neman ƙuri'a ya zo ƙofar gidanku, ku tambaye shi me aka ƙulla da sunanmu, har zuwa yaushe, kuma wa ke ɗaukar alhaki. Ga shugabanni kuma muna cewa, ku fara gyara tsakaninmu da Nijar da Chadi da Kamaru, ku biya sojanmu haƙƙinsu a kan kari, ku kula da marayun waɗanda suka faɗi a fagen fama, cikinsu akwai 'ya'yan ƙasar nan tamu. Wannan shi ne adashin da muke zubi a cikinsa, shi ne kuma wanda za a kira sunanmu ranar kwasa. Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, Ya zaunar da ƙasarmu da ta maƙwabtanmu lafiya. Haza wassalam.